Kafaɗar Don Arcesio

A bakin riga Herminia ta fara gane cewa mijinta raguwa yake yi. Duk shekara, in azumin Ista ya raba tsakiya, takan ciro shuɗiyar rigar masu ɗaukar makara daga ƙasan akwati, ta kakkaɓe, ta sa Arcesio ya saka ya tsaya a tsakar ɗaki ta duba inda asu ya taɓa. Tun yana saurayi rigar a idon sawu take tsaya masa. Bara ta ga ta sauko ta rufe bayan ƙafa, ta ce ƙila yadin ne ya saki don tsufa, ta naɗe bakin ta kama da allura. Bana kuwa, duk da naɗin bara, rigar shara take yi wa ɗaki.

"Miƙe sosai mana, tsoho."

"A miƙe nake. Ko so kike in tashi sama?"

"To ko dai rigar ce ke girma a cikin akwati, ko kai ne kake komawa ƙasa tun ba a kira ka ba."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi, tsohuwa," in ji shi, yana juya wuya a gaban madubi. Fuskar da ke cikin madubin ta cika tam kamar an hura ta, kumatu jajaye, ga tozo a bayan wuya. Ya shafa kumatun cike da gamsuwa. Shi dai a ganinsa wannan ita ce lafiya.

A garinsu San Lucas mutum yana iya zama mashayi, ya tauye mudu, ya bar 'ya'ya a kowace unguwa, amma muddin yana da gurbi a ƙarƙashin makarar Ubangiji ranar Babbar Juma'a, to shi mutum ne, har da Don a gaban sunansa. Maza takwas ke ɗaukarta, huɗu gaba huɗu baya, da katakonta da gilashinta da azurfarta da siffar Almasihu kwance a ciki, nauyin da ko bijimi aka ɗora wa sai ya waiwayo. Gurbin gado ne. Na Arcesio shi ne kusurwar gaba ta dama, inda duk wanda ke bakin titi yake fara gani, daga kakansa zuwa ubansa zuwa shi. Wanda kuwa ya bar gurbinsa shekara ɗaya, ko uwarsa ce ta mutu, ya bar shi ke nan. Ɗansu ɗaya, wanda zai gada, ya tafi birnin Cali ya shiga wata coci da ba a ɗaukar komai a cikinta sai ganga da lasifika. Saboda haka duk abin da Arcesio ya mallaka a duniya, bayan 'yar fanshonsa ta tsohon akawun ƙungiyar manoman kofi, shi ne wannan kusurwa da kantar da katako ya fitar masa a kafaɗa. Kantar nan kuwa ba baƙon da ya taɓa shan kofi a gidansu bai gan ta ba.

Ciwon ya same shi ne wata shekara jim kaɗan bayan Ista. Da farko matakala ce ta fara gagararsa, sai tashi daga kujera, sai ɗaga hannu ya taje kai. Herminia ce ke ɗaga shi daga masai, ita ce ke ɓalle masa maɓalli. Likitocin birni suka ce garkuwar jikinsa ce ta rikice ta juya tana cin naman jikinsa, kamar karen da ya daina gane maigida. Suka ɗora shi a kan wata 'yar farar ƙwaya, kotizon, kafin Ista ta zagayo mutum ya miƙe tsaye ya ɗauki makara. Gari ya ce mu'ujiza ce, Fada, limamin coci, ya ambata a wa'azi, tsofaffin mata suka yi ta kuka. Ba wanda ya kunna wa kotizon ko guntun kyandir.

Sai dai abin da ƙwayar ta ba shi da dama, da hagu take karɓewa. Duk lokacin da aka rage ta ciwon ya dawo, sai a mayar, a haka shekaru suka yi ta tafiya. Shi kuma gogan, da zarar Ista ta matso, sai ya ƙara wa kansa daga kantin maganin wani abokinsa, wai tana ba shi ƙarfi. Fatarsa ta zama kamar ta albasa, ko ƙofa ya goga sai wurin ya yi shuɗi. Abin da ke faruwa a ciki kuwa sai da Dakta Ximena ta ɗaga hoton ƙashin bayansa a gaban fitila suka gani.

"Don Arcesio, ka san dutsen goge kaushi, mai ramukan nan? To haka ƙashinka ya koma. Dubi nan, gaɓoɓi biyu sun riga sun lotsa, shi ya sa tsawonka ya ragu. Daga yau kada ka ɗauki abin da ya fi tukunyar miya."

"Makara fa, dakta?"

Ta sauke hoton ta dube shi, ta dubi Herminia, ta sake dubansa.

"In ka shiga ƙarƙashinta, a kan wata makarar za a mai da kai gida."

Ya yi mata godiya da ladabi, ya ɗaga hula. Suna fita ya ce, "Yarinyar da aka haifa jiya. 'Yar Bogotá. Me ta sani game da kafaɗa?" Maganin ƙashin da ta rubuta masa, wanda ake sha sau ɗaya a mako kafin a karya, a zauna a miƙe ba kwanciya, sau biyu ya sha ya ce yana ƙona masa ƙirji, kuma shi ba kurtun soja ba ne da ƙwaya za ta ba shi oda. Sauran Herminia ta tsince su a gindin furen da ke bakin taga.

Da ta ga magana a gida ba ta shiga, sai ta yafa mayafi ta nufi kasuwa wajen Laureano. Shi ne shugaban makara, shi ne babban mahaucin gari, kuma shi ya riƙe ɗansu ranar baftisma, zumuncin da ya sa suke kiran juna compadre da comadre, don haka akwai damar magana. Ta same shi yana saran ƙashin saniya a kan kututture, ƙato ne mai hannuwa kamar taɓarya. Ta faɗa masa duk abin da likita ta ce, har da dutsen kaushi. Ya saurara har ta gama, sannan ya tuntsure da dariya.

"Haba comadre! Kin kuwa dubi kumatun mutumin nan? Mai ciwo ne ke da irin wannan wuya? Wallahi in da saniya ce da na saya."

"Kumburin magani ne, compadre."

"To a sammin irinsa, ni ma in kumbura. Ke dai kina ba shi abinci mai kyau kina ɓoyewa."

"Compadre, ba wasa na zo ba. Ƙashinsa ya ruɓe. Kai ne shugaba, ka cire shi."

Ya goge hannu a jikin riga, ya ɗan sassauta murya, irin ta mutumin da ke so a ce yana da hankali.

"Ni ba na cire mutum, comadre. Katako ke cirewa. Ranar gwaji kowa zai sa kafaɗa. Wanda tasa ta kai ya ɗauka, wanda ba ta kai ba ya ba da wuri. Haka muka tarar."

Herminia ta ga yadda idonsa ya ɗan karkata wajen surukinsa da ke wankin hanji a bayan rumfa, ƙosasshen saurayi da ya daɗe yana jiran wani ya mutu ko ya karye. Kifi na ganinka mai jar koma, ta ce a ranta. Amma duk da haka ta koma gida da sanyin zuciya. In dai katako ne alƙali, ta san hukuncin da zai yanke, don ita ce ta naɗe bakin rigar.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne, Arcesio ma ya san tsawonsa. Duk musun da yake yi mata, ashe tuni ya kai takalmansa na igiya, irin waɗanda masu ɗauka ke sawa, wajen baduku a can bayan tasha inda ba a san shi sosai ba. Baduku ya farke tafin, ya cusa yankan tayar mota hawa-hawa, ya zagaye gefen da saƙar igiya yadda ba a gane komai. Ranar gwaji, jajiberin Lahadin Dabino, Arcesio ya sa wandonsa mafi tsawo ya taka zuwa harabar coci yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Mazan takwas suka shiga ƙarƙashin makara, Laureano ya buga katako da tafin hannu, suka ɗaga. Kafaɗar Arcesio ta kai. Ba ma kaiwa kaɗai ba, baduku ya yi aiki har da gyara, ta ɗara ta Nepomuceno, ɗan dakon kasuwa da ke gefensa.

Duk matar da ta yi aure a gidan masu ɗauka ta san ma'anar wannan: a ƙarƙashin makara dogo shi ke cin kaya. Kuma ranar gwaji makara wofi take, ba a ɗora siffa ba, ba gilashi, ba azurfa. Amma da suka dawo gida Arcesio kasa sunkuyawa ya yi ya kwance takalmin. Ya kwanta rigingine a kan daɓe, fuskar nan ja ta koma fara, yana numfashi ɗai-ɗai. Herminia ta durƙusa ta kwance masa, ta juya takalmin a hannu ta ji nauyinsa, ta gane komai.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a gefensa a ƙasa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Arcesio, ka dube ni. In ka karye, Laureano zai zo da kaza ɗaya ya tafi. Fada zai zo da addu'a ɗaya ya tafi. Ni ce zan ɗauke ka. Na ɗauke ka sau ɗaya, a lokacin da sauran ƙarfina. Yanzu ni ma bayana ciwo yake."

Ya amsa idonsa na kan rufin ɗaki.

"In na bar kusurwar nan, Minia, wane ne ni? Tsohon akawu mai fuskar wata. Ko kare ba zai tashi daga hanya don ni ba."

Tausayinsa ya kama ta har ta ji ƙwalla, don gaskiya ya faɗa, ta san garin da suke ciki. Amma kafin ƙwallar ta zubo sai ya ƙara da cewa ta dafa masa ruwan mazarƙwaila da lemun tsami, kuma ta miƙo masa kotizon biyu. Tausayin ya koma inda ya fito, ta tashi ta ɗora tukunya.

Ranar Alhamis da la'asar, yana coci wajen sallar wankin ƙafa, ta kulle ƙofa ta ɗauko takalman. Ta farke saƙar gefe a hankali, ta zare yankan tayar nan duka ta jefa a bayan murhu. A madadinsu ta yanko soson tsohuwar katifa daidai kaurinsu, ta cusa, ta mai da saƙar ta ɗinke. A ido takalmi na nan yadda yake, dogo, cikakke. Da ta danna da tafin hannu kuwa sai ya lotsa har ƙasa. Ta tuna da Nepomuceno, wanda kayan kusurwa zai koma kansa, ta ɗan tsaya da allura a hannu. Sai ta ɗaga kafaɗa. Mutumin da ke sauke buhunan dankali daga mota tun asuba, me zai same shi? Ba ta ce abin da ta yi daidai ba ne, ita dai miji ɗaya gare ta.

Bisa al'ada mata ke shirya mazajensu a ƙofar ɗakin kayan coci, su ɗaura musu ɗamara, su ninke farin ƙyalle su aza a kafaɗa, su ɗaure takalmi. Herminia ta yi ta jan ƙafa, ta ɗaura ɗamara ta kwance ta sake, har sai da sauran bakwai suka jeru Laureano ya fara ƙwala kira. Sannan ta durƙusa ta ɗaure masa takalman. Ya miƙe, ya taka, ya ji ƙasa ta karɓe shi. Ya dube ta. Ita kuwa ta ƙura wa maɓallin rigarsa ido tana gyarawa. Ranar Babbar Juma'a ba a kaɗa ƙararrawa, sai a kaɗa wani katako mai kakat-kakat a madadinta, kuma a daidai lokacin ya fara kuka. Aka ja shi ta hannu aka tura shi gurbinsa.

Aka buga, aka ɗaga, aka fito da Ubangiji cikin hasken la'asar. Masu ƙaho suka sa kuka, ganga na bugawa ɗai-ɗai, hayaƙin lubban ya cika titi. Herminia ta riƙe kyandir ta bi ta gefen dama cikin mata, idonta ba ya kan siffa, ba ya kan Fada, yana kan farin ƙyallen nan. Na sauran mazan duk sun lanƙwame a ƙarƙashin katako kamar waina. Na Arcesio yana nan a tashe yadda ta ninke shi, katako na ɗan shafarsa ta sama. Tsakanin kafaɗarsa da makarar Ubangiji ana iya zura yatsa biyu.

Ta ga lokacin da ya gane. Idonsa ya raina fata, ya waiga hagu ya waiga dama. Sai ta ga tafiyarsa ta canza, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa yana miƙa wuya yana neman katakon. Kakin kyandir ya zubo mata a hannu ba ta ji ba. Ya taɓo shi, nauyin ya sauka masa na taku uku ko huɗu, bakinsa ya buɗe. Amma cinyoyin da ciwo ya daɗe yana ci ba su iya riƙe ɗage, suka yi rawa suka sauke shi. Ya sake gwadawa a gaban kantin magani, suka sake sauke shi. Daga nan bai ƙara ba.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne abin da Herminia ba ta taɓa yafe masa ba, ko da yake ita ta shirya masa hanyar. Ya ɗan karkata kai, ya tamke fuska, ya cije leɓe. Ya fara nishi. Kafin a kai kwanar kasuwa nishin ya yi ƙarfin da ana ji ta cikin kukan ƙaho, yana jan ƙafa, yana lumshe ido yana duban sama, mutumin da ko nauyin hula babu a kansa. Kuma ya iya, wallahi ya iya, kai ka ce a gidan wasan kwaikwayo ya yi akawun.

"Wayyo, ku dubi Don Arcesio," in ji wata tsohuwa a gefenta, tana share hawaye da bakin mayafi. "Da ciwo da komai, bai bar Ubangiji ba. Doña Herminia, kin yi dacen miji."

"Na yi," in ji Herminia.

A gefensa Nepomuceno ba ya nishi, ba shi da numfashin da zai ɓata a kan nishi. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, duk inda aka jingina makara a kan sanduna don a huta sai ya dafa gwiwa ya tofar da yawu. Makarar ta ɗan karkata ta kusurwar dama duk tsawon hanya. Da aka biyo ta unguwar 'yan dako, matan wurin suka ce Ubangiji ne yake sunkuyowa yana duban talakawa, wasu har da durƙusawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin rana ta faɗi aka mai da makara coci aka sauke. Herminia ta jingina da bango. An gama. Ya shiga da ƙafarsa ya fito da ƙafarsa, gurbinsa na nan, ƙashinsa na nan. Ko da zai shekara bai yi mata magana ba, ta ɗauka.

A harabar baya mazan suka zame riguna zuwa ƙugu, kamar kowace shekara, aka fito da kwalbar giyar rake, rabi a ciki rabi a kafaɗa, kowa na nuna tabonsa ana gwadawa. Da Arcesio ya zame tasa sai wuri ya yi tsit. 'Yan takun nan da ya yi a ɗage sun ishi fatar albasa: daga wuya har damtse ta yi baƙi-baƙi da shuɗi, tabon da ba a taɓa ganin irinsa a San Lucas ba. Shi kansa sai da ya leƙa ya sake leƙawa, sannan ya gyara tsayuwa yadda kowa zai gani. Nepomuceno na zaune a kan matakala shi kaɗai, kafaɗarsa ta saba, ko ja ba ta yi sosai ba. Ya dubi takalman Arcesio da suka baje kamar an taka kwaɗo, ya ɗago ya dubi Herminia.

"Doña Herminia, bana Ubangiji ya ƙara nauyi ta gefenmu."

"Allah ya ba da lada, Nepo."

"Amin. Shi kaɗai ma zai bayar."

Kafin ya rufe baki sai ga Laureano ya taso. Ya sha nasa rabon da na wani, ido ya yi ja, yana kuka irin na ƙattin maza in giya ta haɗu da ibada. Ya ware hannuwan nan.

"Compadre! Namijin duniya! Wai likita ta ce ƙashinsa ya ruɓe! Ku zo ku ga ruɓaɓɓe!"

"Compadre, kada ka…" in ji Herminia, ta taso da gudu.

Ya rungume shi, ya bubbuga bayansa da tafin da yake buga makara, ya matse, ya ɗaga shi sama har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen karan masara. Mutane na tafi, ba wanda ya ji sai ita. Da Laureano ya sauke shi, Arcesio ya tsaya ɗan lokaci da murmushi a fuska, sannan ya sulale ƙasa a hankali.

A asibitin birni aka ce haƙarƙari uku ne da wasu gaɓoɓin baya biyu. Dakta Ximena ta zo ta duba hoto, ta dubi Herminia, ta ce, "Na faɗa muku fa." Herminia ta buɗe baki za ta ce ba makarar ba ce, sai ta ga idon mijinta a kanta daga kan gado, ta rufe. Aka sallamo shi a ɗaure cikin rigar ƙarfe daga ƙirji zuwa ƙugu, aka ce zai tashi wata rana, da sanda, in ya yi haƙuri.

Kafin su dawo, gari ya gama haɗa labarinsa. An ce tun a kwanar kasuwa bayansa ya karye, akwai waɗanda suka rantse sun ji ƙarar, amma ya cije ya kai Ubangiji har gida bai bari ya taɓa ƙasa ba. Fada ya yi wa'azi guda a kansa ranar Lahadin Ista. Mata suka riƙa zuwa da 'ya'yansu marasa lafiya ya shafa musu kai. Laureano ya zo da kaza ɗaya, ya zauna a bakin gado ya yi kuka, ya ce kada compadre ya damu da kusurwa, surukinsa zai riƙe masa riƙon ƙwarya har ya warke. Ko a mafarki bai taɓa tunanin hannunsa ne ya karya shi ba, in kuma ya yi tunanin, kazar ta wanke. Herminia ta karɓa ta yi godiya, ta fige ta dafa, ta ba majinyaci romo a cokali. Ita ce mai juya shi, ita ce mai kai fo ta dawo da shi, da bayan nata mai ciwo.

Shi kuwa a gaban baƙi sai ya lumshe ido ya ce ba komai, Ubangiji ya ɗauki abin da ya fi haka dominmu. In sun tafi sai ya juya fuska bango. Bai tayar da maganar takalmi ba, ita ma ba ta tayar ba, har wata safiya da ta gama goge masa jiki tana matse tsumma a cikin kwano.

"Minia, miƙo min takalman."

Ta ɗauko su daga ƙarƙashin gado ta aza masa a ƙirji, a kan rigar ƙarfe. Ya ɗaga ɗaya, ya danna tafin da babban yatsa, soso ya lotsa ya taso. Ya sake dannawa.

"Katifar ɗakin yaro ce?"

"Ita ce."

"Nepo ya sani?"

"Shi ya ɗauke maka kayan, ta yaya ba zai sani ba?"

Ya ajiye takalmin a ƙirjinsa. Ta tsaya da kwano a hannu tana jira. Ba godiya take jira ba, ta san wanda ta aura. Ta dai ɗauka zai ce mata ta rufa masa asiri, ta kuma shirya amsar: ta rufa, za ta ci gaba da rufawa, don ba ta da sha'awar a ce matar maƙaryaci ce. Amma da ya juyo sai ta ga hawaye na bin kumatun nan masu kama da lafiya, kuma ba na wasan kwaikwayo ba ne.

"Da kin bar ni, tsohuwa," ya ce. "Karyewa dai zan karye, ke ma kin sani, ni ma na sani. Da kin bar ni, da a ƙarƙashin Ubangiji na karye. Yanzu fa? A hammatar mahauci."

Herminia ta ajiye kwanon. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, muryar wata mata na sallama, ta zo da jikanta mai tari a shafa masa kai. Arcesio ya yi maza ya goge fuska da bayan hannu, ya miƙa mata takalman.

"Ɓoye su."

Ta tura su ƙarƙashin gado da ƙafa, kusa da fo, ta je ta buɗe ƙofa.

"Ku shigo, waliyyi ya farka," ta ce. "Amma a tsaya daga nesa. Ba a rungumarsa."